Bu Lasmi Ta Sauko Tabarma

Ranar addu'ar arba'in ta Lasmini, liman ya yi magana a kanta, shugaban makaranta ma ya yi. Dukansu sun ce mace ce mai ilimi wadda ba ta taɓa gajiya da neman sani ba. Ina can baya cikin mata ina naɗe shinkafa a ganyen ayaba, sai na ji kamar labarin wata suke bayarwa. Ba ƙarya suka yi ba. Amma da tana wurin, da ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Yu Tum, ji su fa." Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Tare muka tashi a kan duwatsun da ke kudu da birnin Yogya a tsibirin Jawa, inda rogo kaɗai yake yarda ya yi kyau. Na girme ta da kaɗan, shi ya sa take kirana Yu, wato yaya. Tare muke sauka kogo ɗebo ruwa da rani, ni nakan ɗauki garwa biyu, ita ɗaya, saboda ɗaya hannun littafi yake riƙe da shi. Ni na bar makaranta na sauko birni aikin wanke-wanke, a hankali har na kafa rumfar abinci tawa a wani lungu bayan jami'a. Ita ta yi kwas ɗin malanta, ta koma garinmu tana koyar da kimiyya a sakandare. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Idan ta ce "yarana", 'yan ajinta take nufi.

A ajin nan akwai wani abu da ta haɗa da hannunta ta rataye a rufi: ƙoƙon kwakwa a tsakiya, da'irori na waya kewaye da shi, a kan kowace waya an soke ɗan farin ƙwallo. Wannan shi ne atam, in ji ta, ƙwayar da aka gina komai da ita. Ƙananan ƙwallayen su ne elektiron, suna zagaya tsakiya. "Kamar akuya a turke," haka take gaya wa yara. "Tana zagayawa, igiya ba ta barin ta ta wuce." Duk wanda ya yi makaranta a garinmu ya san akuyar Bu Lasmi (da Bu muke kiran babbar mace don girmamawa). Ma'aikaciyar asibiti ta san ta, mai gyaran babur ya san ta.

Ta haura shekara arba'in lokacin da aka ce kowane malami sai ya sami digiri. Ofishin ilimi ya yarda ya biya mata karatun, amma da sharaɗi: in ta faɗi darasi ɗaya za a janye. Babu digiri kuwa babu aji, za a mai da ita ofis ta riƙa buga hatimi a takardu har ta yi ritaya. Ta zo rumfata ta gaya mini tana dariya.

"Ni da kimiyya? Yu, ai gida zan koma."

Sauran darussa ta ci su ba wahala. Sai aka zo kan wani da suke kira kwantam. Yadda ta bayyana mini, karatu ne na halin abubuwa mafiya ƙanƙanta, waɗanda ba sa bin dokar da dutse da ƙwallo suke bi. Malamin darasin mutum ne mai sauri, yakan cika allo ya goge kafin a gama kwafa. Ya ce musu su haɗu ƙungiya-ƙungiya a waje, don wannan karatu ba a yin sa mutum ɗaya. Lasmi ta ce wa 'yan ƙungiyarta su riƙa haɗuwa a rumfata bayan la'asar, lokacin da ciniki ke lafawa.

Su biyu ne. Retno, yarinya mai tabarau da sanyin murya, ita ke ɗauko ɗan allo a bayan babur. Sai Galih. Galih ɗan garinmu ne, kuma a ajin Lasmi ya zauna shekara uku a ƙarƙashin wannan ƙoƙon kwakwa. Ita ta rubuta masa takardar da ta taimaka ya shigo jami'a. Yanzu ga su aji ɗaya. Ranar farko da ta shigo rumfar ya miƙe har ya kusa zubar da shayi, ya duƙa ya kama hannunta ya kai goshinsa.

"Le, ka yi tsawo amma ba ka yi ƙiba ba," ta ce, don da Le muke kiran yaro a wurinmu. "Uwarka ta san ba ka cin abinci?"

"Ina ci, Bu."

"Ƙarya. Yu Tum, ƙara masa shinkafa."

A rumfata a tabarma ake ci, da 'yan gajerun tebura. Kujera ɗaya gare ni, ta roba, shuɗiya, wadda nake ajiye wa tsofaffi. Ni na fito da ita na goge ta. Ba zai yiwu malama ta zauna a ƙasa kafaɗa da kafaɗa da yaron da ta koyar ba, kowa a lungun zai ce ba mu da tarbiyya. Ta zauna a kai, su suna ƙasa. Daga inda take ba ta ma iya ganin abin da suke rubutawa sai ta sunkuya.

Ina suya ina jin su. Retno ta karanta tambaya, kafin ta rufe baki Lasmi ta miƙa hannu an ba ta alƙalamin allo. Hannunta ya saba. Ta zana da'ira, ta ɗiga ɗigo a kai.

"Ga elektiron nan. Yana nan, bayan ɗan lokaci yana can. Sai mu lissafa saurinsa. Ko ba haka ba, Le?"

Galih ya kalli tabarma. "To... e, Bu. Ana iya kallonsa haka ma."

"Wasu littattafan dai sukan ɗan faɗa ta wata hanya," in ji Retno, tana nuna shafin da babban yatsa kamar yadda ake nuna wa babba abu. "Amma kusan duk ɗaya ne."

"Yawwa. Kun gani? Abin ba wuya."

A wurinmu in yaro ya ce wa babba "ana iya kallonsa haka ma", a'a yake nufi. Kowa ya sani. Lasmi ma ta sani, a kasuwa ba wanda ya kai ta jin abin da ke ƙarƙashin magana. Amma shekara ashirin da wani abu tana tsaye gaban aji ana gyaɗa mata kai, kunnenta ya toshe ta wannan gefen.

Kafin magariba takan tashi ta kama bas ɗin ƙarshe mai hawa dutse. Su kuwa sai su zauna su ci gaba. Nakan ce a raina, kai, waɗannan yara akwai himma, har in ƙara musu shayi kyauta.

Akwai wata yarinya da take cin abinci ita kaɗai a kusurwa, Hotma, 'yar ƙabilar Batak daga arewacin tsibirin Sumatra. Ajinsu ɗaya, amma ba ƙungiyar da ta ɗauke ta. In ta ce a miƙo mata gishiri sai ka ɗauka faɗa ake yi. Ta taɓa gaya mini a gaban mutane cewa miyata ta yi zaƙi kamar alewa. Na yi kwana biyu ban yi mata murmushi ba.

Aka yi jarrabawar tsakiyar zango. Galih ya ci, Retno ta ci. Lasmi ta zo ta ajiye takardarta a kife a kan teburin suya, ta ce in duba. Ban san lissafin ba, amma na san jan biro. Malamin ya ja layi a kan da'irarta, ya rubuta wani abu gajere a gefe.

"Wannan malamin akwai tsanani wajen ba da maki, Bu," in ji Galih.

"Kowa yana kuka da shi," in ji Retno.

Ta gyaɗa kai. Da suka tafi ta ce mini, "Ƙwaƙwalwa ce ta tsufa, Yu." Yanzu jarrabawar ƙarshe ce kawai ta rage mata. In ta faɗi, ajinta ya tafi.

Damina ta shigo. Wata rana ta yi sallama ta tafi kamar kullum, ta kai bakin titi ta tuna ta bar lemarta a jingine da kujera. Ta dawo ta ƙofar baya, ta wajen da nake wanke kwanuka. Na buɗe baki zan yi magana, sai muka ji muryar Galih ta bayan labule.

"Ta tafi? To goge, mu yi na gaskiya."

Retno tana goge da'irar da gefen hannunta. "Wallahi tausayi take ba ni. Ka gaya mata mana, kai ne ɗanta."

"Ni? Ni zan buɗe baki in ce wa Bu Lasmi ba ta iya ba? Gara in bar makarantar."

Lasmi ta ɗaga labule. Ba wanda ya motsa. Ruwa yana dukan kwanon rufi. Galih ya yi fari kamar an zare masa jini, alƙalamin yana hannunsa.

Daga kusurwa Hotma ta ce, baki cike da shinkafa, "Kullum haka suke yi, Bu. Tun makon farko. Kina fita suke gogewa."

Lasmi ta nufi kujerar. Ta ɗauki lemar, ta ce musu a sauka lafiya, cikin ladabi kamar tana magana da baƙi, ta fita cikin ruwan ba ta ko buɗe lemar ba. Ni kuma na tsaya da kwano a hannu ina tuna duk shayin da na ƙara musu. Fuskata ta yi zafi kamar ni aka kama.

Mako ya wuce ba ta sauko ba, na biyu ya kama. Galih yakan zo ya tsaya a bakin lungu ya leƙa ya juya. Ranar Lahadi na rufe rumfa na hau bas. Ba ta gida. Na same ta a makaranta, ita kaɗai a ajinta, zaune a bencin yara tana kallon ƙoƙon kwakwar.

"Na karanta abin da malamin ya rubuta a takardata," ta ce, ba ta ko gaishe ni ba. "Ya ce babu wannan hanyar da nake zanawa. Ba ya zagayawa, Yu. Babu igiya, babu turke. An daina faɗin haka tun kafin a haifi uwata."

"To yaya yake yi?"

"Ban sani ba! Abin ke nan." Ta rufe fuska da tafukanta. "Duk garin nan. Duk wanda ya zauna a bencin nan ya fita da akuyata a kansa, da muryata. Shi kuma yaron nan ya sani. Yana zaune a ƙasa yana kallona ina zanawa, ya sani."

Na ce, "Ni dai ban ji wanda akuyar ta kashe ba."

Ta yi wata irin dariya da ta juye kuka. Na jawo kanta na ɗora a kafaɗata kamar lokacin da mijinta ya rasu. Gashinta na ƙamshin man kwakwa. Muka daɗe a haka.

Can ta ce, "Shekaranjiya na gama darasi, na ce wanda bai gane ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Duka suka gyaɗa kai. Kullum haka ne, kullum kuma daɗi nake ji. Ranar sai na ji tsoro ya kama ni." Ta share hanci da gefen mayafi. "Yarinyar nan mai murya kamar lasifikar masallaci, mene ne sunanta?"

Ranar Talata ta sauko. Galih da Retno suna nan, don na aika musu. Na riga na goge kujera. Ta tsaya ta dube ta, ta ɗauki kwandon ayabata ta ɗora a kan kujerar, sannan ta tattare zaninta ta durƙusa a tabarma. Gwiwoyinta suka yi ƙara har na ji daga wurin murhu.

Galih ya zame daga tabarmar ya koma kan siminti.

"Le, dawo."

"Nan ma ya yi, Bu."

"In ka ƙara yin ƙasa sai an haƙa maka rami. Dawo nan kusa da ni." Ta juya kusurwa. "Ke, Hotma, ɗauko kwanonki. Yu Tum, kawo mana awara da barkono."

Na kawo soyayyar awara da ɗanyen barkono, ɗan ƙaramin nan kore da ake gutsura kaɗan-kaɗan. Ta ture awarar gefe, ta ajiye barkonon a tsakiya.

"Ga doka," ta ce. "Duk wanda ya ce 'haka ne' sai ya faɗi dalili. In ya kasa, ya ci ɗaya, ba awara, ba shayi. Duk wanda ya san an yi kuskure ya yi shiru, ya ci biyu. Har da ni. Hotma ce alƙali."

"Na karɓa," in ji Hotma. "Mutanen Jawa, yau za ku yi bayani."

Lasmi ta zana da'irarta, ta ɗiga ɗigo. Ta dubi Galih. "Elektiron yana bin wannan hanyar. Haka ne?"

Ya dubi allon, ya dube ta. Ya miƙa hannu ya ɗauki barkono biyu ya jefa a baki.

Retno ta toshe baki. Hotma ta buga cinya. "Kai! Ji ɗan halak! Ya gwammace wuta!"

"Zan sake tambaya," in ji Lasmi. "Haka ne?"

Ya sake ɗaukar biyu. Gumi ya keto masa, idanunsa suka yi ja, hanci na zuba. Na matso da kofin ruwa, Lasmi ta ɗaga mini hannu. Ita ma idonta ya cika.

"Galih. In ka ci gaba da girmama ni haka, za su ƙwace mini ajina. Ka ji? Ladabinka ne zai kai ni ofishin hatimi. Ina roƙonka."

Malama ta ce tana roƙon ɗalibinta, a gaban mutane. Na juya baya na kama juya awarar da ta riga ta soyu.

Na ji ya ce, da wata murya kamar ba tasa ba, "Ba haka ba ne, Bu."

"Ƙara ɗaga murya."

"Ba haka ba ne. Ba shi da hanya. Lissafin ba ya faɗin inda yake, yana faɗin inda aka fi sa ran samun sa in an duba." Ya fashe da kuka. Ya ce barkono ne.

Ta bar shi ya sha ruwa. Sannan ta ce, "Na gode. To me ya sa?"

"Bu?"

"Me ya sa ba shi da hanya? Kafin a duba ai yana wani wuri, mu ne ba mu sani ba."

"A'a, ba... haka dai lissafin yake ba da amsa."

"Na ji lissafi. Ka gaya mini kamar ni yarinya ce 'yar aji ɗaya."

Ya buɗe baki ya rufe. Wannan yaron da ya fi kowa maki a ajin. Kunnuwansa suka yi ja sabon ja.

"Kamar fanka ne," in ji Retno da sauri, tana nuna fankar rumfata. "In tana gudu ba a ganin fiffiken, sai inuwa ko'ina."

"Ƙarya," in ji Hotma. "Fiffiken fanka yana wuri ɗaya kowane lokaci, sa yatsa ki gani. Wannan ai akuyar Bu Lasmi ce aka sa mata lantarki."

"To ke faɗi naki."

Hotma ta yi shiru. Karon farko da na ga haka. Ta miƙa hannu da kanta ta ɗauki barkono. "Ban sani ba," ta ce tana tauna. "Haddacewa nake yi."

"Ni ma," in ji Retno, kanta a ƙasa.

Su huɗu a tabarma, ba mai iya kallon wani. Ban taɓa ganin kunya ta cika wuri irin ranar ba. Amma daga ranar ne karatun ya fara.

Suka koma zuwa kusan kullum. Rumfata ta zama wurin gardama, har mai ɗinki na maƙwabta ya leƙo ya tambaya ko rabon gado ake yi. Galih ya iya lissafi, shi ke jan su layi-layi, kuma Lasmi ba ta barinsa ya tsallake ko ɗaya. "Daga nan zuwa nan, ta ina ka bi? Ni tsohuwa ce, ba na tsalle." Sau da yawa in ya dawo ya bi a hankali sai ya tarar shi ma bai san ta inda ya bi ba. Retno ta san inda komai yake a littafi. Hotma ba ta yarda da maganar kowa, har da tata. Lasmi kuma ta sha barkono fiye da kowa, domin bakinta ya saba cewa "a bayyane yake".

"Bu, a bayyane ga wa?" Hotma ta ce, tana tura mata faranti.

"Ke, wanda zai aure ki ya shiga uku."

"Ya ci barkono shi ma."

Akwai wani gwaji a littafinsu da ya hana su sakat, na ƙofofi biyu. Wai in aka harba elektiron ɗaya bayan ɗaya ta wasu 'yan tsagogi biyu, ba sa taruwa wuri biyu kamar tsakuwa, sai su yi layi-layi, wani wuri da yawa wani wuri babu ko ɗaya. Sun yi kwanaki a kai. Wata rana Lasmi ta miƙe da ƙyar ta zo ta ɗauke mini bahon wanke-wanke, ta zubar, ta cika da ruwa mai kyau ta kai tsakiyar tabarma. Ta sa Galih da Retno kowa ya riƙa taɓa ruwan da yatsa a tare. Igiyoyin ruwan suka bazu suka haɗu. A wasu wurare ruwan yana rawa sosai, a wasu kuma yana kwance kamar ba a taɓa shi ba.

"Nan," in ji Lasmi, tana nuna inda ya kwanta. "Biyu sun haɗu sun kashe juna. Shi ya sa babu ko ɗaya a wurin."

"Amma ɗaya-ɗaya ake harbawa," in ji Hotma. "Da wa ya haɗu?"

Suka sunkuya a kan bahon.

"Da kansa," Galih ya ce a hankali. "In ba shi da hanya ɗaya... Bu, shi ya sa! In da ta ƙofa ɗaya ya bi kamar akuya, da layukan ba su fito ba."

Lasmi ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ce, "Sake faɗa." Ya sake. Ta maimaita da bakinta, ta yi kuskure, Retno ta gyara mata, ba ta ma lura ta gyara wa babba magana ba sai da ta gama. Ni dai kwanukana suna jibge ba a wanke ba har magariba. Ba zan ce na gane ba. Amma na ga fuskar Lasmi, irin fuskar da take yi muna yara in mun iso bakin kogo ta hango ruwa.

Ta ci jarrabawar. Da ƙyar. A cikin waɗanda suka haye ita ce ta ƙarshe. Su ukun sun ci fiye da yadda suka yi a ta farko, Hotma har ta zo ta ɗaga ni sama a gaban masu cin abinci. Galih ya duƙa ya kama hannun Lasmi ya kai goshinsa, ta bar shi. Sannan ta ce, "Lamba ta uku, me ka samu?" Ya faɗa. Ta faɗi nata. Ya ce, "Kin yi kuskure, Bu," ya ƙara duƙawa.

Ta riƙe ajinta. Ƙoƙon kwakwar ba ta sauke shi ba. Kowace shekara, ranar farko, takan tsaya a ƙarƙashinsa ta ce wa sababbin yara, "Wannan na koya wa iyayenku da yayyenku, kuma ba daidai ba ne. Ku je gida ku gaya musu Bu Lasmi ta ce su yi haƙuri." Ta ce mini duk shekara sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, bai taɓa yin sauƙi ba. Ta ture bencina gefe, ta sa yara zama huɗu-huɗu suna gardama. Wasu iyaye sun kai ƙara wai tana koya wa yara musu da manya. Ta je gidajensu ɗaya bayan ɗaya da ayaba ta zauna ta saurare su.

Takardar digirin kuwa ba ta taɓa rataye ta ba. Bayan rasuwarta na same ta a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta. A kwanakin ƙarshe ina gefen gadonta a asibiti ina shafa mata ƙafa, sai ta ja bargo ta rufe fuska. Na tsorata, na ce ko jikin ne.

"Lemar nan na tuna," ta ce daga cikin bargon. "Yu, wata nawa na yi a kan kujerar nan ina zana musu da'ira?"

"Ya wuce, Lasmi."

"Bai wuce ba." Ta leƙo da ido ɗaya. "Amma da ban manta lemar ba fa?"

Galih ya zo addu'ar arba'in. Yanzu shi ma malami ne a wata jami'a, gashinsa ya fara fari ta gefe. Retno ta zo da 'ya'yanta. Hotma ta taso tun daga Sumatra, ta zauna a waje lokacin addu'a saboda addininta daban, ta yi kukan da duk unguwa ta ji. Washegari suka biyo ta rumfata su uku. Na soya musu awara. Ban yi tunani ba, hannuna ya zuba barkono a faranti ya ajiye a tsakiya. Muka zauna muna kallonsa.

Kujerar tana nan a inda take, launinta ya koɗe, kwandon ayaba a kai. In tsoho ya shigo nakan sauke kwandon in ba shi, domin gwiwa gwiwa ce. In ya tashi sai in mayar.